Dami Sittin na Tsoho

"Sittin! Maimaita, Malam, in ji da kunnena. Sittin ka ce musu?"

"Ke, rage murya. Akwai mutane."

"Waɗanne mutane? Inna Ƙande ce, ita da ta riga ni ji!"

Gaskiyarta, na riga ta ji. Ni dai kanwa na shigo nema gidan Tsoho da hantsi, na tarar da Dije matarsa tsaye a gindin rumbu, ɗankwali ɗaure a ƙugu, ƙaiƙayi a gashinta. Ina ganin haka ciwon gwiwata ya motsa, na jawo turmi na kwantar na zauna. Tsohuwa ai ba ta jure tsayuwa.

Ga abin da ya haɗa su. Bana ruwa ya ɗauke mana gero na fidda kai, duk ƙauyukan nan na gefen Yekuwa. Bayan girbi sai ƴan wani furoje, irin ƙungiyoyin agajin nan, suka zo da farar mota, wai za a raba hatsi ga garuruwan da suka fi shan wuya. Ba kowa suka tambaya ba. Gida biyar suka tsinta a garinmu, har da nawa da na Tsoho, kowa ya faɗi dami nawa ya ɗaure. Jiya aka ji garuruwan da suka samu. Namu babu.

Rabilu ƙanen Dije, mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makaranta, shi ya yi wa baƙin tafinta ranar. Yana zaune a kan tabarma kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Ya ɗauki kara ya fara zane a ƙasa.

"Yaya, tsaya ki ga yadda suke yi. Gidan Inna Ƙande sha biyu. Gidan Husaini sha takwas. Sauran biyun ashirin-ashirin. Saba'in ke nan. A ɗora sittin ɗin mai gidanki, ɗari da talatin. Sai a raba gida biyar, kowa ya tashi da ashirin da shida. Shi ne mwayen, wato a haɗa a raba daidai. Su kuwa sun ce garin da nasa ya kai ashirin ba ya ciki."

Ni ma na ɗan taɓa yaƙi da jahilci zamanin ina da haƙora, saboda haka na bi shi da yatsu. Na ce, "Mushe, wato ni ma ashirin da shida gare ni?"

"A lissafinsu, e, Inna."

"To sauran sha huɗun nawa suna gidan wa? In aika a ɗauko mini."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kaina ba ta zo mini ba, don jikoki uku ke buɗe mini baki kullum.

Dije ta juya kan mijinta. "Faɗa wa Mushe abin da ke cikin rumbun nan."

"Abin da ke ciki na sani, Allah ya sani. Abin da nake tambaya, wa ya ba ki izinin hawa? Uwata ta tsufa ta mutu ba ta taɓa leƙa rumbun ubana ba."

Wannan kam haka yake. A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun miji. Shi ke hawa ya fiddo, ke ki sussuka ki daka, ki yi shiru. Shekarun Dije a gidan nan sun fi ashirin, sai yau da safe ta jingina tsani. Ni dai ban ce mata ta hau ba. Na ce mata kawai jiya a rijiya, rumbun da ke da dami sittin ba ya amsa kuwwa in akuya ta goga masa ƙaho.

"Takwas," in ji Dije. "Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Da biyun da muka ci, goma."

Rabilu ya share ƙasa da tafin hannu, ya sake zane. "Da goma ya faɗa, tamanin ne. A raba biyar, sha shida." Ya jefar da karan. "Da muna ciki. Duk garin."

Tsoho ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Kai kana wurin, Rabilu. Wa ke zaune kusa da ni a ƙofar gida?"

"Malam Illa."

"Illa. Mutum ya taso tun daga Kwaya ya ga gidan da zai ba ƴarsa. Ɗana Faruku shekara biyu yana bin yarinyar nan. Sai yaron furojen nan mai tabarau ya tambaye ni da ƙarfi a gabansa, ni in buɗe baki in ce goma? Na ɗauka magana ce ta bakin ƙofa, iska ta kwashe. Ina na san za a raba ƙaryata gida-gida?"

"Ka ce talatin mana!" in ji Dije. "Ƙaryar ma ba ka iya aunata ba!"

Rabilu ya motsa baki yana lissafi, ya girgiza kai. "Talatin ma ashirin cif yake bayarwa, Yaya. Ba mu tsira ba."

"To gobe in tafi meri, wurin magajin gari," in ji Tsoho. "In tsaya gaban kowa in ce na yi ƙarya. Su zo su leƙa, tunda yanzu rumbuna ya zama kasuwa."

Rabilu ya ce, "Na je jiya. Sun ce abin ya wuce Damagaram, an riga an kasafta buhuna. Wai da bakinka ka faɗa, ba wanda ya matsa maka. Sai dai baɗi."

"Baɗi," in ji Dije. Ta dubi tukunyar da ke kife a murhu.

Ni ba na son kawo magana, kowa ya san halina. Amma abin da zai zo ranar Juma'a, gara mutum ya sani tun Laraba. Na ce, "To amalanken fa, Malam Tsoho? A ce wa Illa ya fasa turowa, ko kuwa?"

Dije ta waiwayo. "Wane amalanke?"

Tsoho ya dube ni, irin kallon da ake yi wa kunama a cikin takalmi.

"Au, ba ki sani ba? Su ma can Kwaya ba su tsira da komai ba. Da Illa ya ji sittin, sai ya roƙi surukinsa dami biyar ya rufa wa iyali asiri. Aka ce masa ai ba komai, ya turo."

Na zaci za ta kurma ihu. Ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa daɓas, a kan zanen Rabilu, ta ware yatsu takwas, ta naɗe biyar, ta zuba wa ukun da suka rage ido.

"Malam," ta ce a hankali, "in ya zo me za ka ce masa?"

Tsoho ya miƙe. Ya dubi rumbun, da tsanin da ke jingine har yanzu. Ya zura takalmi ƙafa ɗaya, ya riƙe ɗayan a hannu, ya bi ta zaure ya fita, ya maka ƙyauren kwanon har ƙasa ta zubo daga bango.