Muryar Sulemanu a Cikin Waya

Barakat ta jona tsohuwar wayar da kwamfutarta, Rahab kuwa ta ƙi zama. Tun daga Malumfashi ta rungumo wayar nan kamar mai kai jariri asibiti.

"Mama, ki zauna mana. Ba yanka ta zan yi ba."

"Yi aikinki, 'yata."

Manhajar manoma ce a ciki, wadda wani kamfani ya yi shekarun baya. Marigayi Sulemanu, mijin Rahab, shi aka ɗauka ya karanta saƙonninta da Hausa. Ko bayan rasuwarsa, duk damina wayar kan yi ƙara da kanta, sai a ji shi yana cewa lokacin zuba taki ya yi. Sai kamfanin ya rufe, manhajar ta daina buɗewa, daminar bara ta wuce shiru.

Duk layin masu gyaran waya na Funtua, Barakat ce ta iya kwance manhaja. Ta zaro ta, ta saka a wata manhajar da ke mayar da yaren na'ura rubutun da mutum zai iya bi. Abin haushi, an goge sunayen komai, sai a, b, c. Ta bi su layi-layi tana tsaki, har ta gano inda manhajar ke tsayawa tana jiran amsar kamfanin da babu shi. Ta yi wa Rahab bayanin cewa wannan jiran ne ya hana ta buɗewa. Can ƙasa kuma ga muryoyin a jere.

Ta taɓa ɗaya. "Manoma, a duba ganyen masara."

Rahab ta dafe tebur. Tausayinta ya kama Barakat ƙwarai.

"Duk suna nan, Mama. Zan kwafe miki su, ki riƙa saurara duk sanda kika so."

"A'a." Rahab ta share ido da bakin gyale. "Ki bar shi yadda yake. Wancan jiran kawai za ki cire."

"Ai kuwa sai damina za ki ji shi."

"Na sani. Yana da rai ma ba ya magana sai da dalili. In na danna, ni na kira shi. Ni so nake ina cikin gona, ban zata ba, shi ya kira ni."

Barakat ta goge layin jiran, ta sake haɗa manhajar. Manhajar ta buɗe lafiya lau, amma ba a ji muryar Sulemanu ba tukuna.

Rahab ta ƙulle wayar a bakin zane, ta fita tana duban gabas ko hadari ya fara haɗuwa.