Tambayar Larai a Ajin Malam Iliyasu

A shekarar da ruwa ya yi jinkiri, kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, gwamnati ta shiga rage ma'aikata. A ƙaramar sakandaren wani ƙauye kusa da Shanono malaman kimiyya biyu ne, ɗaya za a bari. Malam Iliyasu, ɗaya daga cikinsu, ya san haka sarai, ga shi da bakuna takwas a gida, ba shi da gona ko ta kunya goma.

Ran Laraba sufeto ya zo, ya zauna a bayan aji da jan biro. Malam Iliyasu ya shirya tsaf. Darasin lantarki ne, shekara bakwai yana karantar da shi, ko daga barci aka tashe shi zai zuba shi da Turanci. Yana cikin zubawa sai Larai ta ɗaga hannu. Yarinyar nan kuwa, Allah ya zuba mata tambaya.

"Malam, makon jiya ka ce ilektiron ba sa ga maciji da juna, kowanne ture ɗan'uwansa yake. To yaya suke bin waya ɗaya su tafi tare?"

Tirƙashi! Wannan babu ita a littafi. Tsoro ya kama shi. Ya juya wajen taga don kada a ga fuskarsa. Gonar Sama'ilu maƙwabcin makaranta ta zo har gindin bango, ranar kuma ake masa gayya, tunda an samu yayyafi. Maza goma sha biyu sun jera da garma suna huɗa, makaɗi na binsu.

Bai san lokacin da Hausa ta kuɓuce masa ba.

"Ku taso ku duba. Kun ga wani ya matsi wani? Kowa ya ba ɗan'uwansa tazara, don ba mai son garma ta sare masa ƙafa. Amma da ganga ta tashi, ina suka nufa?"

"Gaba!" in ji yara.

"To batir ne gangar. Ƙin junan nan ma shi ke taimakawa. In na baya ya matso, dole na gabansa ya gusa, shi ma ya gusar da na gaba. Kowanne tafiyar hawainiya yake, amma turin kan isa ƙarshen waya kafin ƙiftawar ido."

Aji ya kaure, har 'yan baya masu gyangyaɗi suka farka. Larai ta sake buɗe baki, sai ƙararrawa ta kaɗa. Sufeto ya rufe littafinsa, ya fita ko sallama babu.

Bayan mako biyu hedimasta ya kira shi ofis, ya miƙa masa takarda yana kallon ƙasa. An sallame shi. Dalili layi ɗaya ne: ya karantar da kimiyya da Hausa, ya kuma tayar da ɗalibai daga kujerunsu. Kai, jama'a!

"Malam, ka tafi gida ka huta," in ji hedimasta. "Ni zan riƙe ajin yau."

"A'a, ranka ya daɗe. Akwai saura."

Ya sa takardar a aljihu, ya ɗauki alli ya shiga aji.

"Larai, rabin amsa na ba ki. Za ki ce me ya hana ilektiron watsewa, ko? A cikin jan ƙarfen da ake yin waya da shi akwai wasu ƙwayoyi kafaffu da ba sa barin wurinsu, su kuma jan ilektiron suke. Jan nan ya yi daidai da turin, shi ya sa suke zaune lafiya a cikin wayar. Ku rubuta da kyau, don gobe ba ni zan shigo ba."