Tagwayen Tagulla

A ƙauyen Wijtschate garma ba ta tono dankali kaɗai. Duk kaka sai ta fito da harsasan igwa na yaƙin duniya na farko, kuma kowa ya san abin yi: ka jingine a gindin falwaya, motar sojoji ta kwashe, a je a tarwatsa.

Tsoho Achiel kuwa kwanson harsasan yake tarawa, na tagulla, wanda ba komai a ciki. Ya cika rumbu taf, alhali ɗaya tal yake nema. Kakansa ne ya sassaƙa tsuntsaye a jikin kwanso biyu, ana zuba musu furanni a kan murhu. Da Jamusawa suka dawo a yaƙi na biyu suna kwashe tagullar mutane, mahaifiyarsa ta binne su a gona. Bayan yaƙi ɗaya ta samu. Har ta rasu tana goge shi tana kiransa maraya, abin yana cin ran Achiel.

Wata safiya maƙwabcinsa Remi ya leƙo ta shinge.

"Sarkin bola, jiya na tono wani a iyakarmu, har da zane a jiki. Na kai shi falwaya."

"Zane? Sakarai, ka taɓa ganin bam da kwalliya?"

"Ni dai ina son yatsuna."

Achiel ya haye keke, gwiwar da kullum yake kuka da ita ta manta da ciwo. Ya tarar da motar a tsaye, wata saja ta riga ta kwantar da abin cikin akwatin yashi, duk taɓo.

"Baba, ja da baya."

"'Yata, na gyatumata ne. Ko kaza ba ya kashewa."

"Haka kowa ke faɗa. Abin da ya shiga akwati ya shiga."

"To goge gefensa. Akwai tsuntsu yana kallon hagu. Idan babu, ki haɗa da ni ki tarwatsa."

Ta duba bakin kwanson, ƙasa ce zalla a ciki. Ta murza da babban yatsa. Sai ga bakin tsuntsu, sai ga ido, yana kallon hagu.

Achiel ya yi ihun da ya tashi hankaki daga gonar Remi. Ya rungume kwanson da taɓonsa har gida, bai ko wanke ba ya dasa shi a kan murhu. Tsuntsayen biyu suka fuskanci juna.

"Inna," ya ce, yana dariya yana share ido, "maraya ya ga ɗan'uwansa."