Minti Ɗaya Gudu, Minti Biyu Tafiya

Ta zazzage durowa ta uku a kan gado, wandon bai fito ba. Kambas ɗinta suna bakin ƙofa, tun jiya ta wanke su ta zura musu sabuwar igiya. Riga tana jikinta, agogo yana hannunta. Wandon gudun ne kaɗai ya yi ɓatan dabo, baƙin nan mai farin layi a gefe, wanda ta shekara shida tana sa shi kusan kowace safiya kafin ciwo ya zaunar da ita.

"Ka ga wandona?"

Maigidanta ya leƙo daga banɗaki, kumfar aski ta rufe rabin fuskarsa. "Wanne daga ciki, Malama?"

"Kana sane."

"Ni tun da Mama ta zo gidan nan ko safata ban san inda take kwana ba. Ki tambaye ta." Ya maida kansa ciki da sauri.

Yau sati goma sha biyu cif da aka yi mata aiki aka cire mahaifa. Ƙari ne ya cika ta, ya shekara uku yana zubar mata da jini, har ta kai tana koyar da ɗalibanta kimiyya a zaune, ita da ba ta taɓa sanin amfanin kujerar aji ba. Ranar Laraba likitar ta duba ɗinkin, ta danna nan ta danna can, sannan ta rubuta mata a takarda: minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, sau shida. "In kin ji ciwo ko kin ga jini, ki tsaya," in ji ta. "Ba gasa ba ce." Malama ta dawo gida ta manna takardar a ƙofar firij, daidai inda idon mahaifiyarta zai sauka duk sanda ta zo ɗaukar ruwa.

Mama kuwa ba ta ɓoye ra'ayinta ba. "Gudu? An farka ki kamar buhu an ɗinke, ki ce gudu? Wa ya biyo ki?" Tela ce, shekara arba'in tana kan keke, kuma duk abin da aka ɗinke a duniya gani take ita ta fi kowa sanin ranar da zai warware. Da kekenta na hannu ta zo jinya, wai ba ta iya zama hannu rabbana.

A ɗakin baƙi Malama ta sami wandon, a kan kujera kusa da keken. An farke ƙugunsa kaf. An zare robar an ajiye ta gefe, ga reza a kanta.

Ta ɗauke shi da yatsu biyu ta nufi kicin. Mama tana tsaye tana jiran ruwan shayi ya tafasa.

"Mene ne wannan?"

Mama ta waiwayo. "Mayar min da shi inda kika gan shi."

"Wa ya ce ki taɓa min kaya?"

"Auta, ki bari sai..."

"Sai yaushe? Sai baɗi? Wata uku ke nan ko bokiti ba ki bari na ɗaga ba. In na yi tari ki taso, in na yi dariya ki ce in riƙe ciki. Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya sunkuyar da kai ya rage murya, kamar gaisuwar mutuwa ya zo. Mahaifa aka cire min, Mama, ba ƙafa ba." Ta ɗaga wandon sama. "In jika kike wa kuka, ki yi kukanki. Ba ni da shi, ba kuma zan samu ba. Amma ki ƙyale min wandona."

Butar ta fara fito. Mama ta kashe wuta, ta goge hannunta a zane, ta sake gogewa, alhali babu ko ɗigon ruwa a jikinsa. Ta miƙo hannu ta karɓi wandon, ta wuce ɗaki.

Shekara tara da aurenta, sau ɗaya Mama ba ta taɓa yi mata zancen haihuwa ba. Malama ta san da haka. Ta dai taune leɓe, ta buɗe durowar mijinta ta jawo wandon da yake ƙwallo da shi tun kafin tumbi ya kore shi daga fili. Mutum biyu irinta za su shiga ciki. Ta ja zariyar ta tamke, ta ƙulle sau biyu.

"In kai ki a mota?" in ji shi a hankali. Ya ji komai.

"Ƙafa gare ni."

"Na sani, har biyu. To in za ki faɗi, don Allah ki faɗi a inuwa."

Ta harare shi. Ya cusa mata gorar ruwa a hannu, ya riƙe yatsunta kaɗan kafin ya saki.

Tafiyar minti goma ce zuwa makarantar da take koyarwa. Asabar ce, titin bai gama farkawa ba. Masu shaguna suna ɗaga ƙofofin ƙarfe, wata bas ta wuce babu kowa a ciki sai direba yana hamma. Ta riƙa tafiya kai a sama, kamar duk unguwar sun fito kallonta, alhali ko mai shara bai ɗago ba.

Tsohon maigadin makarantar ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya tsaya yana dubanta daga sama har ƙasa.

"A'a, Malamar kimiyya! Wannan wando kuma na aro ne ko na gado?"

"Baba, buɗe min hanya."

"Ga hanya nan. Sai dai ciyawa ta cinye layin da kika fitar a filin. Na ce mata mai wurin za ta dawo, ba ta ji ba."

Bai ce mata sannu da jiki ba, bai rage murya ba. Ta ji kamar ta rungume shi.

A bakin fili ta tsaya ta saita agogo. Sai ga shi ta kasa ɗaga ƙafa. Ita da take zana wa 'yan aji uku cikin ɗan Adam a allo, ta san sarai babu abin da zai zazzago, ta san hanji ya riga ya cike gurbin. Amma sani daban, jiki daban. Ji take kamar akwai wani ɗaki a mararta da aka kwashe kayansa, kuma da ta yi tsalle ɗaya bangon zai rufta. Ta dafe wurin da tafin hannu, ta ce wa kanta, ke, kin sha zagaya filin nan sau ashirin kina gyaran jarabawa a ka. Minti ɗaya ne.

Ta danna agogo.

Ba gudu ba ne, sassarfa ce irin ta wadda bas ke shirin bari. Ƙafafun sun yi nauyi, numfashi ya tsaya a wuya. Ta duba agogo tana tsammanin an kusa, ta ga daƙiƙa ashirin. Amma babu abin da ya rufta. Ƙasa ta karɓi ƙafarta ta dawo mata da ita, kamar kullum. Da mintin ya cika ta koma tafiya, hannu a ƙugu, tana haki tana murmushi ita kaɗai.

Na biyu ya fi daɗi. Ta saki cikin, ta bar hannayenta suka tuna aikinsu. Iska ta shiga ta wuyan rigarta. Wata uku tana zama majinyaciya, 'yar Mama, abar tausayin maƙwabta. A wannan mintin ba kowa ba ce sai mace mai gudu.

A na uku ta fara jin raɗaɗi. Ba daga ciki ba, daga fata. Kowane taku sai ƙullin zariyar ya goga daidai kan tabon, kamar ana jan zarto. Ta cije ta ƙarasa mintin, sannan ta zagaya bayan ɗakin gwaje-gwaje ta ɗaga riga. Wurin ya yi ja, fatar ta saluɓe a gefe, ga ɗigon jini kamar kan ashana. Ta sassauta zariyar, wandon ya nemi zamewa. Ta ɗaga shi sama, ya sulluɓo ya koma inda yake.

Likitar ta ce in an ga jini a tsaya. Ta tsaya.

Ta zauna a matakalar ɗakin, ta sha ruwa. Ba ta yi kuka ba ranar da aka faɗa mata za a cire. Ba ta yi ba da ta farka a gadon asibiti ta ga mijinta yana kallon silin yana ƙifta ido. Yanzu kuma ga shi tana yi, a kan minti uku da suka rage. Ta bar shi ya zuba, tunda babu mai gani sai tantabarun kan rufi.

Tana share fuska ne ta tuna cewa robar nata wandon ma a nan take zama. Daidai nan, ba sama ba ƙasa. Ta kori tunanin, ya dawo.

Ta fito riƙe da ƙugun wando a hannu ɗaya. Maigadi ya buɗe baki, ya dubi idonta, ya rufe.

Tun daga bakin ƙofar gida ta jiyo ƙarar keken. Maigidanta yana wanke mota, ya nuna mata ɗakin baƙi da haɓa. Ta cire kambas ta shiga.

Mama tana zaune, tabarau a ƙarshen hanci, hannu ɗaya yana juya keke, ɗaya yana tura baƙin yadi. Ba ta ɗago ba.

"Nawa kika yi?"

"Uku."

"Takarda ta ce shida."

"Ashe kin karanta."

"Ina zan kai idona? Duk na buɗe firij sai ta tsone min shi." Ta tsayar da keken, ta ciji zare, ta kaɗe wandon ta miƙo. "Ungo."

Sabon ƙugu ne, mai faɗin tafin hannu, an ɗaga shi sama yadda zai zauna kan cibiya. Malama ta juya cikinsa. An shimfiɗe shi da wani yadi mai laushi kamar auduga, ruwan ɗorawa, da 'yan agwagi a jere, irin na kayan jarirai.

Ta san yadin. Wata ɗaya bayan bikinta Mama ta saye shi. Shekara tara yana ƙasan akwatinta a naɗe cikin leda, duk inda ta je da shi take zuwa. Malama ta sha hango ta ta fito da shi ta warware a kan cinya, ta shafa, ta sake naɗewa, in tana zaton babu mai kallo. Ba su taɓa maganarsa ba. Yanzu ga sauransa nan a gefen keke, almakashi ya ratsa ta tsakiyar wata agwagwa.

"Mama..."

"Sati biyu ina yi miki wanka, na san wurin. Yatsa huɗu ƙasa da cibiya. Waccan robar da ta ci miki shi kafin ki kai bakin titi."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kin bar ni na rufe baki?" Mama ta cire tabarau tana goge shi da bakin zane. "Tun ranar Laraba na farke shi. Aikin rabin awa ne. Duk yadin da na taɓa sai in ji ya yi kaushi, wannan ne kaɗai. Na ɗauko almakashi ya fi sau goma." Ta hura gilashin. "Sai ɗazu ya ci."

Malama ta durƙusa a gaban kujerar, wandon a ƙirjinta. "Maganar da na faɗa miki ɗazu..."

"Tashi, kada ki takura ɗinkin. Kuma kada ki ɗauka na yarda. Gudun nan hauka ne, jiya hauka ne, gobe ma hauka ne. Sa in gani."

Ta cire na maigidan ta sa nata. Ƙugun ya rungume cikinta, bai matse ba, bai zame ba. Daga waje baƙin wando ne kawai mai farin layi. 'Yan agwagin suna ciki, a kan tabon, inda babu mai ganinsu.

"Juya." Mama ta zura yatsa biyu a ƙugun ta ja, ta saki. "Ɗaga gwiwa. Ɗayar. Yana ci?"

"Ba ya ci." Ta shafa ƙugun. "Gobe zan cika shidan."

"Jibi. Takardar ta ce a tsallake kwana ɗaya. Ke da kike malama ba kya karanta ƙasan takarda?" Mama ta maida tabarau, ta jawo sauran yadin ta fara auna shi da yatsu. "Je ki wanke wurin ki sa magani, sannan ki kawo min shuɗin wandon nan naki shi ma. Jibin kuma ki cika. Ban yanka yadin nan don uku ba."