Ruwan Bishiyar Margaret

Bokiti na huɗu ne ya kusa kayar da Saudatu a kan matakala. Ta dafa bango, ruwan wanki ya fallatsar mata a zane, ta tsaya tana haki. Ƙarfe bakwai na safe bai yi ba, amma zafi ya riga ya cika gidan. Wata na uku ke nan ba a ga ruwan kirki a Landan ba. Ciyawar filayen Deptford ta ƙone ƙurmus, hukuma kuma ta hana kowa ban ruwa da tiyo. Saboda haka ruwan wankanta da na wanke-wanke, har da na alwala, duk tara su take yi, ta sauko da su daga hawa na biyu zuwa ɗan lambun da ke bayan ginin.

Bishiya ɗaya ce a lambun. Margaret, tsohuwar da ta ba su hayar ɗaki, wilo take kiranta. Ba ta da miƙaƙƙen reshe ko ɗaya, kowanne a murɗe yake kamar igiyar da aka tufka, ganyen ma sirara ne masu lanƙwasa. Ga ta da kwaɗayin ruwa. Ranar da ɓarin jikin Margaret ya shanye, makonni bakwai da suka wuce, ana saka ta a motar asibiti ta kama hannun Saudatu, ta ce da karkataccen bakinta, "Kada ki bar ta ta mutu."

Saudatu ta tsiyaya ruwan a hankali cikin ɗan ramin da ta haƙa kewaye da gindin, ta jira ƙasa ta shanye, sannan ta mayar da jiƙaƙƙun jaridun da take rufewa da su don kada rana ta zuƙe danshin. Rabin ganyen ya zube. Ta kankare ɓawon wani reshe da farce, ta ga kore a ƙarƙashi. Ta gwada wani, ta tarar ya bushe. Ta ɗauko almakashin lambu ta datse shi.

"Salamu alaikum! Ashe nan kike, ina ta buga ƙofa."

Dela ce, yayar mijinta, ta taso daga Woolwich da sassafe, tana fifita da ambulan.

"Yaya Dela, sannu da zuwa. Mu hau sama in dafa miki shayi."

"Bar shi, sauri nake. Maharazu ya yi waya ofishin maigidana jiya. An kama miki kujera a jirgi, ranar Asabar za ki tashi. Ga tikitin."

Saudatu ta goge hannu a zane, amma ba ta karɓa ba. Tun watan Maris mijinta Maharazu ya koma gida, bayan an ƙirƙiro sababbin jihohi, aka ba shi babban muƙami a Bauci. Wasiƙunsa duk labarin gida mai ɗaki biyar ne, da sabuwar mota, da tituna da ake ta shimfiɗawa da arzikin mai. Ita ta tsaya ne don jarrabawar ungozoma. Ta rubuta ta a watan Mayu, ta faɗi takarda ɗaya. Sai Nuwamba za a sake.

"Asabar ta yi kusa, Yaya. Bishiyar nan, idan na tafi..."

Dela ta dubi bishiyar daga sama har ƙasa, ta tuntsire da dariya.

"Wannan karkatacciyar abar? Ba ta 'ya'ya, ba ta inuwa. Saudatu, ki ji tsoron Allah. Kowa na tattara kayansa yana komawa, ke kina nan kina ɗawainiya da itacen Baturiya. Dubi yadda kika rame. Mijinki ya ce ko aiki ba sai kin yi ba." Ta cusa mata ambulan a hannu. "Zan zo Juma'a mu ɗaure kaya."

Da rana Saudatu ta hau bas zuwa asibitin da aka kwantar da Margaret. Kujerar bas ɗin kamar an ɗora ta a wuta, kafaɗunta kuma suna mata zugi. Ta jingina kai da taga tana shirya abin da za ta faɗa.

Ta tarar da tsohuwar a zaune, an tokare ta da matasai, hannun hagunta a kan cinya kamar ba nata ba. Maganarta ta ɗan saki, sai dai a hankali take fita. Saudatu ta ɓare mata lemo, ta gyara mata gashi, sannan ta ce an aiko mata da tikiti.

"Amma kada ki damu. Zan ce musu ba zan iya tafiya ba sai kin warke. Babu mai ba bishiyar ruwa."

Margaret ta daɗe tana kallonta.

"Bokiti nawa kike kaiwa?"

"Shida da safe. Wani lokaci huɗu da yamma."

"Daga sama?"

"Daga sama."

Tsohuwar ta rufe ido. "Allah sarki. Ni ban ma san na faɗa miki haka ba. A tsorace nake ranar, duk abin da ya zo bakina shi na faɗa." Ta numfasa. "Mijina ne ya dasa ta. Reshe ya tsinto, ya soka a ƙasa, ta kama. Sau biyu saiwarta tana toshe mana bututu. Shekara ashirin ina cewa zan sa a sare ta."

Saudatu ta sunkuyar da kai. Ta dubi tafin hannunta, inda mariƙin bokiti ya yi mata kanta.

"Irinsu ba sa mutuwa da sauƙi," in ji Margaret. "Ganye take zubarwa ta jira ruwa. Ko ta bushe, wani ya yanki reshe ya sa a kwalba, mako biyu ya yi saiwa." Ta miƙo hannunta mai lafiya ta dafa gwiwar Saudatu. "Ina jin ki ta saman silin kina haddace sunayen ƙasusuwa tun hunturu. Idan zama kike so, ki zauna, ɗakin naki ne. Amma ki faɗa wa mijinki ainihin dalili. Kada ki laɓe bayan bishiyata, ba ta da kaurin da za ta ɓoye ki."

Saudatu ta yi 'yar dariya, hawaye na zubo mata. Ta zauna tare da ita har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu ziyara.

Gidan waya na dab da rufewa ta shiga. Ta ɗauki takardar talgiram ta rubuta wa Maharazu cewa mai gidan da take haya ba ta da lafiya, ba wanda zai kula da ita. Ta karanta, ta dunƙule takardar ta jefa a kwando. Ta ɗauki wata, ta tsaya da biro a hannu har mutum biyu suka wuce ta a layi. Sannan ta rubuta: Ba zan zo Asabar ba. Ina so in ci jarrabawata. Sai Nuwamba in Allah ya so. Ka yi haƙuri.

Ma'aikacin ya karɓa ta ƙarƙashin gilashi, ya duba adireshin, ya buga hatimi.

"Kina jiran amsa?"

"Za ta zo," in ji Saudatu.

A bas ɗin komawa ta sami kujera a baya. Ta yi niyyar tunanin abin da za ta faɗa wa Dela ranar Juma'a, amma kafin a kai kwana ta biyu barci ya ɗauke ta. Sai da kwandasta ya taɓa kafaɗarta ta farka, ta ga an wuce unguwarsu da nisa.