Hauren da Ba Ya Shan Mai

Ni ban taɓa ganin giwa da idona ba sai a gidan zu na Washington, amma na yi fiye da shekara goma ina zaune da haurenta a falona, nan Mitchellville.

Babana ne Sarkin Bakan garinmu, can ƙasar Kanam inda Filato ta yi iyaka da Bauchi. Tun kafin a haife ni wani toron giwa ya ɓallo daga daji ya dinga tattake wa mutane dawa, har ya kashe wata mata a hanyar rafi. Baba ya harbe shi da izinin hukuma. Gwamnati ta ɗauki haure ɗaya, aka bar masa ɗayan, mai ɗan tsagu a baki, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙuguna. Maharba suka mai da shi abin rantsuwarsu. Duk wanda za a naɗa Sarkin Baka, sai an ɗora masa shi a cinya ya dafa da hannu biyu, ya rantse ba zai harbi dabba mai ciki ba, ba zai ci amanar ɗan'uwansa a daji ba.

Lokacin da zan taho Amurka aikin nas, Baba yana kwance ba lafiya. Ya kira ni ya ce, "Atine, ki tafi da shi. In na bar shi a nan, kafin ƙasa ta bushe a kaina 'yan sari sun zo sun yaudari ƙannenki. Ranar da aka zaɓi ɗan gidan nan, ki dawo da shi."

Ya ba ni takardunsa na ofishin gandun daji, ya kuma ba ni doka ɗaya. Kowace shekara in an gama girbi, a shafe shi da man kaɗanya tun daga baki har gindi, don kada ya bushe ya tsattsage. Haka Mama ta yi masa tun tana amarya. Ni ma na ɗora daga inda ta tsaya. Duk Kirsimeti sai na je shagon 'yan Ghana a Landover na sayo man, na shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, na zauna ina shafawa. Haure yana shan mai kamar busasshiyar ƙafa. In ka shafa yau, gobe ka tarar ya shanye, ya yi ja-ja yana sheƙi.

Mijina Raymond yakan wuce ya ce, "Maman Abby, an fara yi wa babban yaya wanka ke nan?" Nakan harare shi, mu yi dariya. Mutum ne mai daɗin zama, ba zan yi masa ƙarya ba. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin babban mutum bai rusuna ba, ko da ba a nema ba. Yana aikin kwamfuta a wani kamfani a Virginia mai yi wa gwamnati kwangila, kuma sunan maigidansa, Mista Alexander, ba ya barin bakinsa ko a kan tuwo.

Kirsimetin 2014 na shafa mai kamar kullum. Washegari na duba, man yana nan kwance a kai, ya tara ƙura. Na goge na sake shafawa. Haka dai.

Na ce, "Baban Abby, hauren nan ya ƙi shan mai."

Bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Hitar ɗumama ɗaki ce. Kin san bana sanyi ya yi yawa, komai ya sandare."

Na yarda. Mace mai digiri, mai yi wa mutane allura dare da rana, na yarda cewa hita ta hana haure shan mai. Har na matsar da shi nesa da bututun zafi ina tausaya masa.

Wajen Ista ƙanena Dabo ya kira daga gida. Tun rasuwar Baba ƙanensa ne ya riƙe sarautar, riƙon ƙwarya ba naɗi, shi ma ya rasu, yanzu dattawan maharba sun tsayar da Dabo. Za a yi naɗi bayan damina. Ya ce, "Yaya, sai ki fara shirin kawo kayan Baba." Na yi ta murna har da ƙwalla. Na nemi hutu a asibiti, na fara bin yadda za a ba ni izinin fita da shi, don lokacin an tsaurara komai a kan hauren giwa, kullum rediyo ana gardama a kai. Raymond ya ce na bar masa wannan, ya san mutane.

Da zafi ya shigo, matar Mista Alexander ta gayyaci iyalan ma'aikata cin gasasshen nama a gidansu ranar wata Asabar. Raymond ya ce ba sai na je ba, ai na gaji da aiki. Ni kuwa na riga na ɗinka atamfa. Na ce ko da rarrafe sai na ga gidan mutumin da nake jin sunansa safe da yamma.

Gida ne a bayan gari, da fili har ido ya gaji. Maza suka zagaye wurin gashi da gwangwanin giya a hannu suna gardamar nan dai. Wani ya ce kuɗin da maharba irinsu ke biya ne ke ciyar da masu gadin daji, in an hana su shigo da abin da suka harba, giwaye ne za su ƙare. Wata budurwa ta ce duk haure ɗaya ne, muddin ana ado da shi za a ci gaba da kashewa. Ba wanda ya tambaye ni, ni da aka tattake wa kakata gona.

Sai Mista Alexander ya hango ni. Ƙato ne ja, mai fara'a, irin masu riƙe hannunka su manta su saki. Ya ce da Turanci, ai ni 'yar Afirka ce, dole na ga ɗakinsa. Na ga Raymond ya taso da sauri yana cewa ban son irin waɗannan abubuwa. Na ce wa ya gaya masa, ni ɗiyar maharbi ce.

Muka sauka ɗakin ƙasa da wasu baƙi. Kawunan namun daji ko'ina a bango, ɓauna, gada, har da damisa guda a tsaye. A tsakiya ga wasu haure biyu manya-manya, sun fi ni tsawo. Ya buga ɗaya da yatsa ya ce na zubi ne, roba ce kawai. Ya harbi giwar a Zimbabwe, kafin a gama shirya masa kayan gwamnati ta dakatar da shigo da su, na gaskiyan suna can a kulle. Wani mai sana'a a nan Virginia ya zuba masa waɗannan daga awo da hotuna. Ya ce mutumin gwani ne, in ka ba shi haure na gaske a hannu zai yi maka ɗan'uwansa, har tsagu da dattin jikinsa, uwar giwar ma ba za ta bambance ba.

Ya ce, "Amma abokaina suna ta yi mini dariya, wai ɗakin roba. To ga na gaske." Ya nuna kan wani teburi a gefe.

An kafa shi a cikin tagulla. Ya gajarta da kusan taki guda. Ga tsagun nan a baki. Na ce a raina, haure ai yana kama da haure. Mista Alexander yana ta ba da labarin yadda ya harbo wannan a tafiyarsa ta farko, yadda giwar ta taso masa, ya durƙusa ya saita. Ya ce mu taɓa mu ji bambanci.

Ni ban tsaya a taɓawa kawai ba. Na sunkuya na kai hancina.

Man kaɗanya ne, da hayaƙin ɗakin Mama a ƙarƙashinsa. Na dafa teburin don kada na faɗi a gaban mutane.

Na tambaye shi ina sauran gindin. Ya yi murna da tambayar. Ya buɗe wani akwatin gilashi ya nuna mini ƙaramar bindiga, mariƙinta fari sol. Ya ce ya sa an yanka an yi mata. A gindin nan ne Baba ya ƙona alamar gidanmu da ƙarfe, nan ne sabon Sarkin Baka ke sa hannun dama.

Na juya. Raymond yana tsaye a kan matakala, bai sauko ba bai koma ba.

Ban yi masa tijara a gidan mutane ba, an yi mini tarbiyya. Sai da muka shiga mota, ya hau babban titi, sannan na ce, "Wanda ke falona mene ne?"

Ya ci gaba da tuƙi, idonsa a kan titi. Can ya ce, "Maman Abby, please, ki saurare ni. Lokacin ana rage mutane a ofis. Rabin sashenmu aka sallama. Mista Alexander ya ga hoton falonmu a wayata, ya yi ta magana a kai. Me kike so na yi?"

"Ka ce masa ba naka ba ne."

"Aro na ce zan ba shi. Ban san zai yanka ba, wallahi."

"Aro? Shi ya sa ka kai aka zuba wani, ka ajiye mini, ka bar ni ina shafa wa roba mai kamar mahaukaciya?"

Ya ce don kada hankalina ya tashi ne. Wannan ta fi komai ƙona mini rai. Na ce gobe zan koma na karɓi kayana, ko a gajarce ne. Ya ce in na je mutumin zai ce kyauta aka ba shi, yana da lauyoyi sun fi danginmu yawa. In kuma na kai ƙara, hukuma za ta kwashe shi ta haɗa da waɗanda take niƙewa a gaban 'yan jarida, ni ban samu ba, shi ya rasa aiki, Abby tana shirin shiga jami'a. Duk ya lissafa abinsa tun tuni, har amsoshina ya tanada.

Sannan ya sassauta murya, irin ta lallashin mara lafiya. "Ki kai na gidan. Ba ruwansa da izini, ba ruwansa da kwastan. Tsofaffin can idonsu ya mutu. Wa zai gane?"

Na kalli mutumin da na haifa wa ɗiya. Na tsani fuskarsa a ranar, kuma ban ɓoye wa kaina ba.

Duk da haka na koma ranar Litinin ni kaɗai. Mista Alexander ya karɓe ni a bakin ƙofa da mutunci, ya ji bayanina har ƙarshe. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma wannan magana ce tsakanina da mijina. Ya tambaye ni ko ina son ruwan sanyi kafin na kama hanya.

A cikin mota, nan ƙofar gidansa, na kira Dabo. Na ce gara ya ji daga bakina, ya san abin da zai gaya wa dattawa tun da sauran lokaci. Muka gaisa, na tambayi damina, na tambayi yara, sannan na zayyane masa komai ina kuka. Na jira ya yi salati, ko ya zagi Raymond, ko ya zage ni.

Ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ai Baban Abby ya gaya mini tun bara."

Na ce, "Ya gaya maka me?"

"Mun yi magana ta maza. Rufin ɗakin Mama ya rufta, ga gonar fadama an kusa ƙwace mana. Shi ya tsaya mana. Na ce masa ba komai, haure ai ƙashi ne. Ki kawo wancan ɗin, a yi naɗi a wuce wurin."

"Dabo, a kan roba za ka rantse ba za ka ci amana ba?"

Ya yi 'yar dariya ta jin kunya. Ya ce ni na daɗe a ƙasar Turawa, ban san yadda gida ya koma ba. Ashe ni kaɗai ce a cikinmu ban sani ba. Ni da aka ba wa ajiyar don kada a yaudari ƙannena.

Sai na ji muryar Mama daga nesa, siririya, tana tambaya ko Atine ce. Dabo ya ce mata layin ba kyau. Ta ce a kawo mata. Mama ta tsufa ƙwarai, hannunta yana rawa, ba ta iya riƙe waya, sai an riƙe mata a kunne. Na ji motsin tabarma, na ji numfashinta.

Ta ce, "Atine, kuka kike yi? Lafiyar ajiyar babanki?"

Na ji Dabo ya yi gyaran murya kusa da wayar.

Na ce, "Mama, babu shi. An bayar."

Sannan ta ce, a hankali, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ke ba za ki bayar ba. Su wa suka bayar? Faɗa mini sunansu ɗaya bayan ɗaya."

Na san hannun wanda ke riƙe mata wayar, na Dabo ne. Na share fuskata da gefen gyale, na fara da mijina.