Ungulu Huɗu a Bayan Mayanka

Shekara ashirin da uku tana wankin kayan ciki a bayan mayanka. Lokacin da ta fara, ungulu kan cika rufin ginin har ba a ganin kwano. Yanzu saura huɗu. Mahauta suna tsokanarta da Uwar Ungulu, don ita kaɗai ke ware wa tsuntsayen tarkace, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba.

Wata safiya ƙanenta, direban motar nama, ya zo da wani baƙo mai sayen kawunan tsuntsaye. Ƙanen ya tsuguna kusa da bahonta, ya nuna mata ƙullin guba.

"Yaya, barbaɗawa kawai za ki yi. Da ke suka saba."

"Shi ya sa ba zan yi ba," ta ce, ko kai ba ta ɗago ba.

"Ƙazaman tsuntsaye ne fa!"

"Ƙazantarku suke kwashewa. Tashi ka ba ni wuri."

Bayan kwana biyu ta fito zubar da ruwa, sai ta ga huhun saniya shimfiɗe a kan juji, farin gari a jikinsa. Babbar cikin ungulun ta riga ta fara ci, sauran ukun suna saukowa. Ta kifar da baho, ta hau dukansa da ƙotar wuƙa tana ihu har ukun suka tashi. Babbar ta yunƙura, ta faɗi, ta yi ta shure-shure har ta mutu.

Ta kwashi huhun da gawar da shebur, ta zuba a baro, ta tura har tsakiyar mayanka, inda nama ke rataye, masu saye sun yi layi.

Shugaban mahauta ya taso da gudu. "Haba baiwar Allah! So kike ki kashe mana kasuwa?"

"Guba a bayan ɗakin da kuke rataye nama, amma ni ce mai kashe kasuwa? Ba zan motsa ba sai wanda ya zuba ya fito."

Ƙanen yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Ta jira shi ya yi magana, amma ya ƙi.

"To, ga shi can," ta ce, ta nuna shi. "Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

A ranar aka hana baƙon shiga mayankar, ƙanen kuma aka dakatar da shi wata guda. Mahaifiyarsu ta kira ta, ta ce ta tona asirin gida.

"Na tona, Mama. Ya sake, in sake."

Ƙanen ya daina gaishe ta. Ita kuwa ta janye bahonta daga inuwa, ta mayar da shi cikin rana, inda take hango jujin gaba ɗaya. Mahauta suka ce zafi zai kore ta kafin sati. Sai ta sayo malafa.